Da Sauƙin Malam Gide

"To da suka sake tambayarka, mi ka ce musu?"

"Na ce da sauƙi."

"Ka sake cewa da sauƙi?"

"Ai kowannensu sai da ya tambaya. Kana so in amsa wa wani in ƙyale wani?"

Salihu ya kife tiya a kan buhun masarar da yake awo, ya riƙe haɓa yana kallon Malam Gide kamar yau ya fara ganinsa. Taubasai ne, uwar Salihu da uban Malam Gide ciki ɗaya suka fito, saboda haka babu maganar da bakin Salihu ke jin nauyin faɗa masa.

"Kai dai Gide, Allah ya yi bawa a gidan kawu. Mutum ya tafi neman tallafin naƙasa, a tambaye shi jiki, ya ce ya warke!"

"Ban ce na warke ba. Cewa na yi da sauƙi."

"To mi ne bambancin?"

 A wurin Malam Gide bambancin a fili yake, kowa ya san shi. Ya taɓa zuwa dubiyar wani tsoho da safe, aka ce ya jiki, tsohon ya ce da sauƙi, kafin la'asar aka yi jana'izarsa, kuma babu wanda ya ce tsohon ya yi ƙarya. Amma yadda zai yi wa Salihu wannan bayani a tsakiyar rumfar awo, ga masu saye suna jira da buhuna a hannu, shi ne bai sani ba. Sai ya sa hannu biyu ya gyara zaman ƙafarsa ta hagu.

A Tafoki in ka ce Gide mai huɗa, ba sai ka ƙara kwatance ba. Tun bai kai tozon sa tsawo ba yake bin garma a bayan mahaifinsa. Mutanen gari kan ce kunya biyu Allah ya ba shi: wadda yake tayarwa a gona, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da igiya, da wadda ke hana shi ɗaga ido a gaban babba. Bai taɓa shiga kotu ba. Ofis ma bai san cikinsa ba, in ban da ranar da aka ɗauki hotonsa don katin zaɓe. Duniyarsa ita ce gida, da masallaci, da gonar da mahaifinsa ya bar masa, wadda ake kira Bayan Dutse don nisanta da gari.

A hanyar wannan gona ce amalanke ta kife da shi wata kaka, a gangaren rafi, buhunan masara suka danne masa ƙafar hagu tun daga ƙugu har gwiwa. Maɗori ya yi nasa, asibiti suka yi nasu. Ƙafar ta haɗe, sai dai a karkace ta haɗe, ta kuma tsotse. Da sanda yakan kai masallaci, yakan kai rumfar Salihu. Bayan Dutse ce ba ya kaiwa. Daminar farko 'yan uwa suka yi masa gayya. Ta biyu kowa ya ji da tasa, rabin gonar ta koma ciyawa. Sai yayansa ya kira shi, ya ce masa cikin lalama, in bana ma ba zai iya zuwa ya tsaya a kanta ba, gara a ba wani aro. Malam Gide bai musa ba. Amma ya sha ganin masu ba da aron gona, yadda suke ƙarewa da kallonta daga nesa, suna tambayar wani abin da ta bayar.

Ana haka aka ji labarin Asusun Madogara, mai tallafa wa masu naƙasa a yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Suna ba da ɗan abin masarufi duk wata, suna kuma ba da keke mai ƙafa uku, irin wanda ake murzawa da hannu. Keken nan ne ya tsaya wa Malam Gide a rai. Hannuwansa na nan da ƙarfinsu na garma. In dai zai isa gonar, zai iya shuka a zaune, zai iya cira, zai tsaya a kan masu huɗa ya nuna musu inda suka karkace.

Ranar da aka kira shi Faskari gaban kwamiti, ya shirya kamar yadda ake shiryawa in za a je gaban manya. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, wadda ta rufe shi har idon sawu. A bakin ƙofa ya cire takalmi, ya jingine sandarsa kusa da su, don ba a haife shi a gidan da ake shiga wurin manya da sanda ba. Ya dafa bango ya shiga, ya cije leɓe ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, zafin na harba masa har tsakiyar kai. Suka nuna masa kujera, suka ba shi ruwa.

Na tsakiya ya ce, "Malam, ya jiki?"

Ya ce da sauƙi.

Na gefe ya ce, "Ya ƙafar?"

Ya ce da sauƙi, alhamdulillahi.

"Ana zuwa gona?"

"Ai gona ba a barinta, ranka ya daɗe."

"Akwai wani abu da ke damunka yanzu?"

"Babu komai sai godiyar Allah."

Yana amsawa yana jin daɗi a ransa, yana cewa lallai waɗannan mutanen kirki ne, dubi yadda suke jan gaisuwa kamar 'yan ƙauye. Ya gyara zama yana jiran a gama gaisawa a shiga maganar da ta kawo shi. Sai ya ji an ce, "Mun gode, Malam. Za ka ji daga gare mu." Ya fito ya zauna a baranda, a zatonsa hutu suka tafi, za a sake kiransa. Sai da mai shara ya zo rufe ƙofa ya gane an tashi.

Daga nan aka shiga jira. Lambar wayar matarsa Zulaihatu aka bayar, don shi ba ya riƙe waya. Gidan nasu kuwa sabis ba ya kamawa sai a kan katangar bayan rumbu, saboda haka wayar ta koma can da zama, a cikin ƙwarya don kada kaji su ture ta. Duk ƙarar da ta yi sai ya ɗauki sanda ya nufi katangar. Kafin ya lallaɓa ya isa ta katse, in kuma Zulaihatu ta riga shi, sai a tarar Goggo ce daga Sabuwa tana tambayar ko an sami kalwa.

Salihu kan bi ta Faskari ranar kasuwa, shi ke leƙawa ya tambayo. Zuwan farko ya dawo ya ce maganar tana kan tebur. Na gaba ya ce ta tafi Katsina. Malam Gide ya jinjina wannan. Shi kansa sau ɗaya ya taɓa zuwa Katsina, ga maganarsa ta tafi can ba da shi ba, bai kuma san wa za ta tarar ba, ko me za ta ce. Bayan nan aka ce an ɗage. Ya tambayi Salihu an ɗage ta zuwa ina, Salihu ya ce shi ma bai tambaya ba. Wani ya ce masa 'yan Sabuwa sun riga sun karɓi nasu. Wani ya ce a'a, wannan wani rabo ne daban, na zawarawa. Wani kuma ya rantse ya ga sabon keke da idonsa a 'Yargoje. Malam Gide ya rasa ko murna zai yi tunda ana bayarwa, ko fargaba tunda an tsallake shi.

Da rani ya yi nisa, zafi ya fara, ya ce a kai shi ya ji da kunnensa. Wani matashin ma'aikaci ya karɓe shi da ladabi, ya duba, ya sosa ƙeya.

"Baba, ai ba a amince ba. An ce da ƙafarka ka shigo, ba sanda, har ka durƙusa. Kuma da bakinka ka shaida cewa ka sami sauƙi, kana zuwa gona, babu abin da ke damunka."

Duk hanyar komawa gida, a bayan babur ɗin Salihu, Malam Gide yana juya maganar. Ya duba ta ko'ina bai ga inda suka yi masa ƙarya ba. Bai kuma ga gaskiya a cikinta ba. Washegari ne ya je rumfar awo, Salihu ya titsiye shi sai ya faɗi yadda aka yi tun daga bakin ƙofa.

"Tau, yanzu sai ɗaukaka ƙara," in ji Salihu, ya ɗauki tiyarsa ya ci gaba da awo. "Ba haka ma'aikacin ya ce ba? Za a zauna a Ƙanƙara."

"Haka ya ce. Shi ne abin da ban gane ba. Ni ban kai ƙarar kowa ba, balle in ɗaukaka ta. Mutanen nan sun karɓe ni da mutunci, har ruwa suka ba ni. In tashi in kai su ƙara?"

"Ba su za ka kai ba."

"To wa?"

"Bakinka. Shi ya cuce ka, shi za ka kai ƙara."

Masu jiran awo suka fashe da dariya. Salihu ya ga ya sami 'yan kallo, ya ƙara wuta.

"Ka saurara in koya maka. Ranar nan ba wanka. Ka nemo tsohuwar rigar huɗa, wadda ɓera ya ci. Tun daga bakin get ka fara nishi. Ana cewa ya jiki, ka zube ƙasa, ni kuma in shigo da salati."

"Ni da girmana?"

"Halan girman ne zai kai ka Bayan Dutse?"

Malam Gide ya ɗauki sandarsa. Ƙarya dai ba zai yi ba. Amma ya ga gaskiyar da ya faɗa ma ƙarya ta zama, to ina zai tsaya?

A gida Zulaihatu ta ce ba sai ya faɗi ƙasa ba, kalma biyu ce kawai, babu sauƙi, a gwada har bakinsa ya saba. Sai ta riƙa yi masa kwanton ɓauna. Yana alwala, ta leƙo daga madafa.

"Baban Saudatu, ya jiki?"

"Da sau..."

"Ka gani ko?"

"Ai ke ce kika zo ba zato."

Ta sake kama shi yana gyaran igiya a gindin rumbu. Wannan karon ya shirya. Ya ce, "Babu..." Sai kalmar ƙarshe ta ƙi fitowa. Ya yi tari, ya kawar da kai.

"Zulai, Allah ya bar ni da raina, ya bar ni da ido da hannu biyu. Amalanken nan da wuyana ta danne fa? Da wane baki zan zauna gaban jama'a in ce babu sauƙi?"

 Ta ci gaba da tankaɗe har ta kusa gamawa, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Shekarar da san huɗarka Ɗan Fari ya yi ciwon kofato, ina jin ka da malamin dabbobi a ƙofar gida. Tun hantsi kake masa bayani har abinci ya huce. Yadda yake taka ƙafar, lokacin da yake ɗage ta, irin ƙasar da ba ya so. Ban ji ka ce masa da sauƙi ba."

"Ai wannan sa ne. Sa ba ya magana, dole in yi masa."

"Ita ƙafar taka tana magana?"

Ta kwashi garinta ta shige madafa. Ya bi ta da kallo, ya kasa gane ko shawara ta ba shi ko ita ma ta koyi halin Salihu.

Ranar zaman Ƙanƙara ta zo a bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Shi da Salihu suka jira hantsi ya ɗaga, hanya ta yi mutane, kamar yadda kowa ke yi yanzu saboda rashin tsaro, sannan suka kama hanya. Ya yi wanka, ya ƙi rigar ɓera, amma ya yarda ya bar babbar riga ya sa 'yar shara. A barandar ofishin suka tarar da jama'a daga Ketare, daga 'Yargoje, har daga ƙauyukan Sabuwa, kowa da abin da ya ji. Wani makaho ya ce sai da shaidu ake shiga. Wata mata ta ce wanda ya zo da shaida ma korar sa ake yi. Wani ya ce da Turanci ake yi, in ba ka iya ba ka ɗaga kai kawai. Malam Gide ya saurari kowa, ya gode wa kowa, kansa ya ƙara ɗaurewa.

Aka kira sunansa. A bakin ƙofa ya cire takalmi, hannunsa ya kai sandar jikin bango da kansa.

"Da sandar!" Salihu ya daka masa tsawa ƙasa-ƙasa. "Ka shiga da ita, ɗan kawu, ko in ɗauke ka a kafaɗa!"

Ya shiga da ita, yana jin kamar wanda ya zo faɗa. Wata dattijuwa mai tabarau ce a tsakiya, Hajiya Amatullah, ita ke jagorantar zaman. Ga likita a damanta, ga mai rubutu a hagunta. Ya fara ranƙwafawa zai durƙusa, ya tuna abin da durƙuso ya ja masa, ya tsaya a tsakiya, bai miƙe ba bai kai ƙasa ba.

"Zauna, Malam, zauna," in ji Hajiya. "Sannu da zuwa. Ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Kalmar ta riga ta fita kafin ya san ya buɗe baki. Daga bayan taga aka ji salatin Salihu. Mai rubutu ya sunkuya da bironsa. Gumi ya keto wa Malam Gide. Ya ga Bayan Dutse a idonsa, ya ga wani yana huɗarta, kunyoyin a karkace. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi: ya ɗaga ido ya tambayi manya.

"Hajiya, ku gafarce ni. Wannan gaisuwa ce, ko an fara tambayar?"

 Likitan ya rufe baki da hannu. Hajiya Amatullah ta cire tabarau ta dube shi sosai.

"Gaisuwa ce, Malam." Ta juya ga mai rubutu. "Dakata tukuna." Ta sake dubansa. "A wancan zaman ma haka aka yi?"

"Ni dai ina jiran a gama gaisawa, sai aka ce in tafi."

"Sandar fa? An ce ba ka da ita."

"Tana waje tare da takalmi, ranki ya daɗe."

Ta mayar da tabaranta.

"To mun gama gaisawa. Daga nan duk abin da ka ji tambaya ce. Ya jikin naka?"

Kalmar nan ta sake tasowa har maƙogwaronsa. Ɗaya kalmar kuma, wadda Zulaihatu ta yi ta koya masa, ta ƙi motsi. Ya sunkuyar da kai don ya ɓoye fuska, idonsa ya sauka a kan ƙafar, tana miƙe a gabansa a karkace, ba ta cewa komai.

"Ni dai, Hajiya, da sauƙi, na gode wa Allah." Ya naɗe ƙafar wando har gwiwa. "Ita ce dai ba ta da sauƙi."

"Faɗa mana."

"Da safe ba ta yarda a taka ta sai rana ta ɗaga. In an matsa mata tana kai ni masallaci, amma a dawowa sai an lallashe ta. Ba ta son gangare. Ba ta son yashi. In ta daɗe a naɗe sai ta kumbura nan, in ta daɗe a miƙe sai ta mutu daga nan zuwa nan. Hadari kuwa tana riga kowa sanin ya haɗu."

Bakinsa ya buɗe kamar ranar Ɗan Fari. Mai rubutu ya yi ta gudu da biro.

"An ce ka ce kana zuwa gona," in ji Hajiya.

"Cewa na yi gona ba a barinta. Ban bar ta ba, Hajiya. Zuwa ne ban yi. Na taɓa gwada ta, muka kai bakin rafi, ta zauna ta ƙi gaba ta ƙi baya. A kan jaki aka maido mu."

Likitan ya taso ya tsuguna, ya danna gwiwar. "Nan da zafi?"

"Tana ji."

"Nan fa?"

Malam Gide ya riƙe gefen kujera. "Nan ne ba ta son wasa."

Suka haɗa kai suna magana da Turanci. Babu abin da ya tsinta sai sunansa da Tafoki. Can Hajiya ta ce, "Malam, ka bi baranda, ɗakin ƙarshe, a auna ka."

"A auna ni?"

"A auna ka. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya ce amin, ya yi godiya, ya fito bai san ko ya ci ko an ci shi ba.

"Mi suka ce?" Salihu ya tare shi tun bai sa takalmi ba.

"Sun ce a auna ni."

"Da tiya ko da mudu? Ko likkafani za su yanka maka, tunda ka sake cewa da sauƙi?"

"Ni ma ban sani ba. Ko wani jiran ne. Ko Katsina za a sake aikawa."

Wani mutumin Ketare na zaune a inuwa a kan irin keken nan, sabo fil, ya rako ƙanensa. Ya murzo shi kusa da su yana murmushi.

"Tsawon hannu ake aunawa, Malam, da faɗin zama, don a gyara maka keken daidai jikinka. Ba sa auna wanda ba za su ba."

Malam Gide ya dube shi, ya dubi keken, ya dubi gabas inda hadari ke taruwa.

"Zai iso kafin shuka?"

"Nawa bai daɗe ba bayan awo. Sannu fa. Ya jiki?"

Malam Gide ya ce, "Gaisuwa ce?"

"Gaisuwa ce mana."

"To da sauƙi, alhamdulillahi."

Ya juya ga Salihu. "Kira Zulai. In wayar na kan katanga za ta ji. Ka ce ta aika wa Yaya, kada a ba da Bayan Dutse."

Ya sa takalminsa, ya gyara riƙon sanda, ya bi baranda yana ɗingishi zuwa ɗakin ƙarshe, yana tunanin ko can ma da sandar ake shiga.